Ranar da Na Kwaikwayi Mma Adiza

Mu mutanen Doguwa Allah ya ajiye mu a bakin iyaka, ka ɗaga ƙafa kaɗan ka faɗa ƙasar Zazzau. Shi ya sa muka tashi da tsokanar Zage-zagi a baki, su ma kuwa ba sa raga mana. Ranar kasuwa in ba ka kira wani Bazazzage bawanka ba, shi kuma bai ce Kanawa kun sayar da gona kun sayi gurasa ba, to kasuwar ba ta ci ba. Ni a nan na yi digirina. Allah ya ba ni kunne, ya ba ni baki. In mutum ya yi magana sau biyu a gabana na ɗauke muryarsa ke nan, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya fara. Inna takan ce, "Haladu, bakin nan naka ko ya ciyar da kai ko ya ja maka mari." Kamar duba ta yi mini. Bakin ya ciyar da ni tun daga Kwatano har Kumasi, a Kumasin kuma saura ƙiris ya raba ni da matar da ta zame mini uwa a ƙasar da ba ni da kowa.

Wahalar a Kwatano ta fara. Wanda ya ɗauko ni wani Tanimu ne da na haɗu da shi a Kwanar Dangora, mai farar shadda da daɗin baki. Shi ya ce ana neman majiya ƙarfi a rumbunan albasa na Kumasi, wai har ɗaki ake ba mutum. Da muka sauka a tashar Kwatano da hantsi, ya zaunar da ni ƙarƙashin wata rumfa ya ce in kawo jakata ya je ya kama mana wuri a mota kafin ta cika. Na miƙa masa da hannu biyu, har da godiya. A cikin jakar akwai kayan sawata, da wayata, da dambun naman da Inna ta yi kwana biyu tana haɗawa. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar a wurin, Tanimu ya yi ɓatan dabo. Abin da ya rage mini a duniya rigar jikina ce, da hula, da katin shaidar da na ɗinke a ƙugun wando.

Ban taɓa sanin Hausa tana da iyaka ba sai ran nan. Duk wanda na tara sai ya zuba mini Faransanci ya wuce. Yunwa ta fara juya mini ido, tsoro kuma ya fi yunwar. Ina cikin wannan hali na ji wata murya daga sama tana cewa, "Kai, jawo igiyar can mu tahi, sofer na jira!" Na ɗaga kai. Wani dogon mutum ne baƙi siriri a kan wata babbar motar albasa, yana ɗaure tamfol. Hausa ce, ko da yake ba irin tamu ba, direba ma sofer yake ce masa. Na ruga gindin motar, na tuɓe takalmi, na durƙusa na fara gaisuwa yadda aka koya mini a gida: ina wuni, ina gajiya, ya hanya, ya iyali, ya ruwa, ya aka baro mutanen gida.

"Tsaya, tsaya," in ji shi. "Kai mutumen ina ne?"

"Doguwa, ranka ya daɗe. Ƙasar Kano."

Sai ya saki igiyar ya buga ihu. "Jama'a ku zo ku gani! Na tsinci bawana cikin Kwatano, ga shi nan gurhwane!"

Badamagare ne, sunansa Issufu, aikinsa rakiyar albasa daga Nijar zuwa Kumasi. Na sha ji a bakin kakana cewa akwai wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, amma ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Duk da yunwar da nake ji, halin ya motsa. Na miƙe, na maƙale murya irin tasa, na ce, "Lahiya lau hwa. Mi ya kai bawana bisa buhu, ko biri ya koma?" Issufu ya yi dariya har sai da ya riƙe igiya kada ya faɗo. Ya sauko ya saya mini burodi da shayi mai kauri, ya zauna ya ji labarina bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Hau. Ba ni barin Bakano ya mutu nan, in ya mutu wa zai ɗaukar mini takalmi?"

Kwana biyar muka yi a kan albasa. A hanyar Lome na fara ganin teku, na ce wa Issufu wannan dam ɗin ya fi na Tiga, ya ce in rufa wa Kanawa asiri kada sofer ya ji. A iyakar Gana muka yi kwana biyu ana ta kai da kawo da takardu. Ruwa ya dake mu, rana ta busar da mu, warin albasa kuwa ya shiga jikina har sai da na daina jin sa. Bayan mun wuce iyaka muka ratsa wasu gonakin masara da suka yi kore shar. Na tuna a gida lokacin huɗa ne, gonarmu tana can gindin dutse, ba ni a ciki. Ban san sanda hawaye suka zubo ba.

"Mi ya sa ka kuka?" in ji Issufu.

"Albasa ce."

"Albasar da ba a yanka ba?"

Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Duk inda muka tsaya kuma sai ya tara direbobi ya ce bawansa zai yi musu wasa. In yi musu Basakkwace yana ciniki, in yi musu Bafulatanar Falgore tana tallan nono, in yi musu Issufu kansa yana faɗa da jandarma. Ban taɓa tashi daga irin wannan zama ba tare da wani ya saya mini abinci ba. A nan ne na yi wa kaina wani gurgun karatu. Na ɗauka duk inda ake jin Hausa bakina fasfo ne, ba ƙofar da ba zai buɗe ba.

Da muka shiga Kumasi, Issufu bai kai ni ko'ina ba sai zango, unguwar Hausawa, gaban wani tebur da mutane suka yi wa layi. Mai teburin ita ce Mma Adiza. Mma a bakinsu uwa ke nan. Ta haura sittin, mace mai jiki, da ludayi a hannu kamar sandar mulki. Shinkafa da wake take sayarwa, irin wadda ake dafawa da karan dawa ta yi ja, su suna ce mata waace. Ni kuwa da na ga babbar mace sai na tuɓe takalmi na zube a ƙasa na ɗauko gaisuwa daga tushe. Layi gaba ɗaya ya juyo yana kallona. Mma ta leƙo ta saman tukunya ta ce, "Issufu, yaron nan cikinshi na ciwo ne? Ko kafanshi ya karye?"

"Gaisuwa yake, Mma. Haka suke yi can daji."

"To ka ce mishi ya tashi, layi ya tsaya." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, ka rame paa. Zauna."

Ta zuba mini waace a kwano. Na ci rabi sai cokalina ya ci karo da wani abu a ƙasa, ashe ganda ce ƙatuwa ta ɓoye mini ƙarƙashin shinkafa. Na ɗago in yi godiya, ta kau da kai kamar ba ita ba. Daga ranar har tsawon wata bakwai ban taɓa kai ƙasan kwanona ban tarar da ganda ba. Ta ba ni wani ɗan ɗaki a gidanta inda take ajiye gawayi da tukwane. Issufu ya sama mini aikin dakon albasa. Ni kuma kowace safiya kafin in tafi kasuwa sai in cika mata duro da ruwa in wanke tukwane. Ba ta taɓa kiran sunana ba, Doguwa take ce mini. Da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, ita ta rufe tebur da wuri ta zauna a kaina da koko tana yi mini faɗa har na shanye. Ɗanta ɗaya ne, yana can Turai, shekaru bai zo ba. Ni ma uwata tana can Doguwa. Kowa ya samu abin da ya rasa, ba wanda ya ce wa wani komai.

Hausar zango kuwa sai wanda ya ji. Duk wani harafi mai lanƙwasa sun miƙar da shi, ɗaya ta koma daya, ƙauye ya koma kauye. Mace da namiji duk shi ne a wurinsu, sai ka ji an ce amarya ya iso. In abu ya yi yawa su ce paa, in babu shi sam su ce koraa, samari kuma ba sa rufe baki sai sun ce cale, wato abokina. Ni abin yana ba ni dariya, ashe su tawa ce take kashe su. Wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo, wai in na ce ƙofa kamar na fasa gyaɗa a maƙogwaro. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sai dai kowa gani yake na maƙwabcinsa ne abin dariya.

Wanda ya gane akwai abinci a cikin wannan shi ne Fuseini, wani mai aski ɗan zango da yake ɗaukar wasan barkwanci da waya yana sawa a intanet. Wata rana ni da Issufu muna musu a shagonsa kan wa ya fi wani iya Hausa, sai ya kashe injin aski ya bar mutum da rabin kai. Ya ce, "Cale, ku sake. Kamar yadda kuka yi yanzu, kar ku canza komai koraa."

Wasanmu na farko ba wani abu ba ne. Akuyar Fuseini ta tsinke, yana bin ta a guje, sai ni na tare shi a lungu na durƙusa. Ina kwana. Ina gajiya. Ya ruwa. Ya masara. Shi yana ta tsalle yana leƙen bayana, ni kuwa na riƙe hannunsa gam, fuskata ba alamar wasa. Ya iyali. Ya yara. Ya kaji. Sai da na kai ga "ya awaki" ya fashe: "Akuyan ne ya gudu, cale! Akuyan ne!" Nan Issufu ya iso a matsayin mai sulhu, ya zuba mana Hausa rabi Faransanci rabi, har muka haɗu muka kore shi. Washegari ko'ina na bi a zango sai in ji an ce, "Ya awaki!" Mata a bakin famfo, direbobi, har liman ya faɗa mini a ƙofar masallaci yana rufe baki da rawani. Mma ta sa an nuna mata sau uku, tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

A wajen Fuseini na koyi cewa ba muryar ce kaɗai take ba da dariya ba. Abin dariyar shi ne mutum uku, kowa ya haƙiƙance tasa ce Hausar asali, sauran biyun ne suka ɓata. Shi ya sa ya hana mu ko murmushi a gaban waya. Yana kuma da doka guda da ba ya ɗagawa. Yakan ce, "Kowa zai fadi. In ka kada mutum, ka tsaya shi ma ya kada ka." In na yi wa Issufu dariyar tahiya da lahiya, dole a bar shi ya rama kafin a kashe waya. Ni a lokacin na ɗauka tsarin wasa ne kawai, don ya yi daɗin kallo.

Suna ya zo, kai ya kumbura. Da Fuseini ya tafi Tamale biki, Issufu kuma ya koma Nijar ɗauko kaya, sai na ga ai ni ma na isa. Na ɗaura zani, na cusa matashi a ciki, na yafa mayafi, na ɗauko tsohon ludayin Mma daga ɗakin da ta ba ni kwana. Wani abokin dakona ya riƙe waya. Na yi Mma tana korar masu tsallake layi, na yi ta tana kiran mai gawayi, na yi yadda take jan paa ɗinta har sai numfashi ya ƙare. Wallahi na iya, ko ita ta ji daga bayan katanga sai ta waiga. Da na tsaya nan, da wataƙila ta wuce. Amma sai na cire mayafin, na sa hulata, na dubi waya da muryar Bakano na ce, "Jama'a, don Allah wannan Hausa ce ko gwanjonta?"

Kafin azahar ya zaga zango. Washegari da safe ina wanke tukwane ina jin layi yana ƙus-ƙus. Wani matashi da aka zo kansa ya ce, "Mma, a sa mini na gwanjo," abokansa suka tuntsire. Mma ta zuba masa, ta miƙa masa, ta kira na bayansa. Da ta zo kaina ta zuba ta ajiye ta ce, "Ga shi, Malam Haladu." Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Na ci har ƙasan kwano, babu ganda.

Kwana na biyu na fito da bokiti na tarar duro a cike, ta sa mai ruwa ya zuba. Kwana na uku tukwanen ma an wanke. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, in na gaishe ta tana amsawa kamar yadda ake amsa wa baƙon da ya zo tambayar hanya. Da ta ɗauki ludayin ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Amma taurin kai bai bar ni ba. Ina ta ce wa kaina ai wasa ne, ai ta yi dariyar na akuya, ai a kasuwar Doguwa mun yi wa dattawan Zage-zagi abin da ya fi wannan, suka saya mana rake.

Ranar da Issufu ya dawo ya same ni a bakin rumbu ina sauke buhu. Na ce, "Bawana ya dawo!" Bai rama ba. Ya ce, "Haladu, ajiye buhun nan." Tun daga Kwatano bai taɓa kiran sunana ba, nan take na ajiye buhun.

"Na gani tun ina hanya," ya ce. "Mi ke tsakaninka da Mma?"

"Ai wasa ne, Issufu. Kai ba kullum nake yi maka ba?"

"Ni da kai gado muka tarar. Kakana ya zagi kakanka, kakanka ya rama, suka ci tuwo kwano guda. In na ce maka bawa gabanka nake hwaɗi, kuma bakinka na nan, ka rama. Ita hwa? Wane wasa ke tsakanin Doguwa da zango? Abin da ke tsakaninku ganda ce da ɗakin kwana. Ka ɗauki ludayinta, ka yi ta bayan idonta, ka kashe waya ba ta rama ba."

Sannan ya ce akwai abin da ban sani ba. Shekarar da Mma ta je aikin hajji ta zauna da wasu mata 'yan Najeriya, ta yi murna ta samu 'yan'uwa. Tana buɗe baki suka fara taɓa juna suna dariya, ɗaya ta tambaye ta a ina ta koyi Hausa. Ita da ba ta da wani harshe da ta sha a nono sai shi. Har aka gama aikin ba ta ƙara magana a cikinsu ba. Issufu ya ce sau ɗaya ta taɓa ba shi labarin, shi ma don ya ga ranta ya ɓaci ne ya matsa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sa an goge wasan, amma magana zarar bunu ce, yana cikin wayar kowa.

Issufu ya ce laifin da aka yi a gaban jama'a ba a ba da haƙurinsa a lungu. Ranar Juma'a da safe, lokacin da layi ya fi tsawo, na sayi goro fari mai kyau aka naɗe mini a ganye. Issufu yana gaba ina biye, Fuseini da ya dawo daren jiya yana bayanmu. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a gaban teburin, a daidai inda na durƙusa ranar farko. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na ajiye goron da tsohon ludayin. Gaisuwar ma ta ƙi fitowa. Abin da na iya cewa shi ne, "Mma, na yi laifi. Kin ba ni ci, kin ba ni wurin kwana, na saka miki da abin da ba ki cancanta ba. Hausarki ba gwanjo ba ce, bakina ne gwanjo. Ki yafe mini."

Ta ci gaba da zuba abinci kamar ba ta ji ba. Ta sallami mutum ɗaya, ta sallami na biyu. Sai Issufu ya ce, "Mma, yaro ne, garinsu haka suka saba da abokan wasansu. Bai san ba kowa ake yi wa ba."

Ta tsayar da ludayi. "Su waye abokan wasanshi?"

"Mu Damagarawa. Sai Zage-zagi, mutanen Zariya."

"In mutum abokin wasanshi ne, zai iya ce mishi komai?"

"Komi, Mma. Ba shi da ikon hushi."

"Har gaban mutane?"

"Nan ma ya hi daɗi."

Ta dube ni, ta ajiye ludayin ta goge hannu a zani. Ta ce, "Kakana da ayarin goro ya zo garin nan. Ya mutu tun ban da wayo, ba wanda ya san garinshi koraa." Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. "To ku shaida. Daga yau Zariya ya fito."

Kafin in gane inda ta dosa ta zagayo teburin ta fizge hular kaina ta kifa a kan ɗankwalinta. Ta ce, "Fuseini, dauka." Ta tuɓe silifa. Ta dafa tebur, ta dafa gwiwa, da nishi da salati ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna gam. Ta sunkuyar da kai, ta sassauta murya, sai ga muryata tana fitowa daga bakin Mma Adiza.

"Ina kwana, ranka ya daɗɗɗe. Ina gajiya. Ya ruwa. Ya masara. Ya dawa. Ya ƙƙƙafa." Kowace ƙa sai ta fasa ta kamar za ta shaƙe. "Ya awaki. Ya 'ya'yan awaki. Ya kaji. Ya ƙwan da kaji ba su saka ba tukuna. Ya dutsen bayan gida, yana nan inda aka bar shi? Ya jakan da ka ba barawo da hannu biyu, har da godiya?"

Layi ya watse. Wata mata ta zauna a ƙasa da kwanonta, mai gawayi ya jingina da bango yana haki. Issufu yana ta buga cinya yana cewa, "Ta kashe shi! Ta kashe mini bawa!" Fuseini da ya hana mu dariya a gaban waya, wayar rawa take a hannunsa. Ni kuwa ina dariya hawaye na zuba, kuma ba albasa a kusa da zan ɗora wa laifi. Ashe duk watannin nan tana ji, tana ajiyewa. Ta fi ni kunne nesa ba kusa ba.

Sai da mutum biyu suka kama ta ta miƙe. Ta jefo mini hulata ta ce, "Tashi, Doguwa. Bawa ba ya zama tukwane na jira." Da na gama wanki ta turo mini kwano ba ta dube ni ba. Ban bi ta sama ba, na kafa cokali har ƙasa. Guda biyu na tarar.

Wannan wasan ya fi duk wanda muka taɓa yi tafiya. Ya bi wayoyi har ya isa Doguwa, wata maƙwabciyarmu ta kai wa Inna. Ran nan ina tsaye a bakin tebur sai ga kira a wayar da na saya da kuɗin dako. Inna ce. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Wace ce wannan Bazazzagiyar da ta sa hularka ta raina mana gari? Ba ni ita."

Na miƙa wa Mma wayar na buɗe murya. Inna kuwa, duk da faɗan da ta zo da shi, ba ta iya fara magana da babbar mace ba gaisuwa. Ta ɗauko daga tushe. Ina kwana. Ina gajiya. Ya ruwa. Mma ta dube ni, ta ajiye wayar a hankali a gefen tukunya, ta sallami mutum uku, ta ɗauka. Inna tana kan awaki.

"Lafiya lau, baiwana," in ji Mma. "Awaki duka suna gaishe ki."

Na ji Inna ta ƙyalƙyale da dariya irin wadda rabona da ji tun ina gida. Suka yi ta yi, wannan ta ce masu fate, waccan ta ce masu gurasa. Can sai muryar Inna ta sauya. Ta ce, "Hajiya, wasa a gefe. Ya faɗa mini komai, har zazzaɓin. Na gode da riƙon ɗana. Allah ya dawo miki da naki lafiya."

Mma ta juya wa layi baya, ta ja gefen mayafi ta goge ido. Sannan ta gyara murya ta ce, "Amin. Amma wane danki? Yarona ne paa. In ya zo Doguwa da sallah, aro na ba ki, ki dawo mini da shi."